Yadda Bunu Ya Kurumce Kwana Takwas

Hannuna na hagu yana can Burma, daga gwiwa zuwa yatsu. Ni da abin da ya rage muka dawo Haɗeja bayan yaƙi, tare da maƙwabcina Bunu, wanda a faɗarsa ko ƙwarzane bai dawo da shi ba. Sunana Ari. Duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, kuma ba zan ƙara gishiri ba, don Bunu ya riga ya ƙarar da na unguwarmu.

Farabiti muka tafi, ƙananan sojoji marasa ko igiya ɗaya, farabiti muka dawo. Amma tsakanin tashar jirgi ta Malam Madori da ƙofar gari Bunu ya zama saje. Kafin sati ya zagayo ya zama ɗan tauri, irin waɗanda ƙarfe ba ya kama jikinsu. Harsashi, in ji shi, in ya iso ƙirjinsa sai ya yi sallama ya zube ruwa. 'Yan Jafan arba'in ya kashe a yini ɗaya, da ya ga la'asar za ta wuce shi ya ƙyale sauran. Yana da wata wuƙa da yake gogawa a cikinsa ranar kasuwa, mutane suna salati. Na san wuƙar nan, ko kabewa ba ta yankawa.

Gaskiyar magana, aikin Bunu a soja jan alfadari ne. Wata safiya ya sunkuya a bayan nasa yana gyara igiyar kaya, alfadarin ya haure shi a gwiwar dama. Wata biyu ya yi a asibiti, gwiwar kuma ba ta sake komawa daidai ba. A kan hanya takawa yake ƙyam, ya cije haƙora. Da ya shiga soro sai ya nemi bango ya dafa. Ni ban taɓa tona shi ba, kuma da dalili. Ranar da aka fasa mini hannu, shi ya ɗora ni a kan alfadarin nan ya ja ni kwana biyu cikin ruwan sama, da kumburarriyar gwiwarsa. Ina ƙaunar mutumin nan, ba na ɓoyewa. Zama da shi ne dai sai haƙuri.

Gwiwar ta hana shi shiga laka. Damina biyu gonarsa ta shinkafa a fadama tana kwance, ciyawa ta kai ƙugu. Bulama, mai unguwarmu, ya aiko masa cewa in ta sake kwana bana ba a noma ba, zai ba wani. Matarsa Yakaka ke suyar kifi tana ciyar da baki shida, kuma kuɗin kifi ba ya ɗaukar 'yan ƙwadago.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari: duk tsohon sojan da ya sami rauni a yaƙi ya zo da takardar sallamarsa, likita zai zo duba su nan da kwana takwas, za a fara ba su kuɗi wata-wata. Muka ɗunguma wurin Malam Abdulwahid, akawun da ke karanta wa tsofaffin sojoji takardunsu. Bunu ya biyo mu, wai rakiya ya yi mini.

Malam Abdulwahid ya gyara tabarau ya ce, "Bature ya raba mutum kashi ɗari. Wanda yaƙi ya gama da shi ɗungurungum, fam biyu a wata har ƙarshen ransa. Saura kuma gwargwadon abin da ya tafi. Hannu daga gwiwa, kashi sittin. Ido ɗaya, arba'in. Yatsa, ya danganta da yatsan. Sharaɗi uku ne. A bakin aiki aka samo ciwon. Likita ya gani da idonsa. Mai ciwon kuma ya faɗi abin da ya same shi da bakinsa a gaban shaidu, ya dangwala."

Bunu ya ce, "To mu da ba a taɓa ba fa?"

"Ku Allah ya riga ya biya ku."

"Kurma fa? Don wani nake tambaya."

"Kunne biyu, tamanin."

Da yamma ina zaune a soronsa, Yakaka ta yi magana daga bayan zana.

"Maigida, ka kai musu gwiwar nan."

"Wace gwiwa?"

"Wadda nake gasa maka da ruwan zafi kullum."

"Wannan sanyin kogi ne."

"Sanyi mai kofato," in ji ta, ta koma bakin murhu.

Bunu ya yi kamar bai ji ba, ashe gwaji ya fara. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ari, ƙarar igwa ƙarfe ce?"

"A'a."

"To maganina na ƙarfe ne. Ban taɓa ce wa kowa na sha maganin ƙara ba. Igwa ta kurumtar da ni."

"Yaushe?"

"Gobe da safe."

"Bunu, shekara biyu kana ji. Kana jin abin da ba a faɗa ba ma."

"Kwanciya ƙarar ta yi a kunnen, sai yanzu ta tashi. Ka lissafa mana. In kai gwiwa, a ba ni ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, gari kuma ya ji abin da bai kamata ya ji ba. In kai kunne, mutuncina yana nan, tamanin tana nan. Kai sittin, ni tamanin. Ko a nakasa ina gabanka."

Na ce masa ya kai gwiwa. Ya ce abin da ya sa na dawo farabiti ke nan.

Washegari ya iso gindin tsamiyar bakin kogi inda muke zama, aka yi masa sannu da zuwa, ya zura wa mutane ido yana nuna kunne yana girgiza kai. Aka jajanta. Amma ba a kai ko'ina ba asiri ya tonu, don ladan na buɗe baki da azahar, Bunu ne ya fara miƙewa neman buta. Da ya ga ana kallonsa sai ya nuna inuwa, wai ita ya duba. Ranar kuwa hadari ya rufe rana tun hantsi.

Mutanen unguwarmu ba su tona shi ba. Shekara biyu ba wanda ya kai ƙarshen maganarsa a gindin tsamiyar nan, yau ga dama ta samu, wa zai yi wasa da ita? Inuwa, mai jakin da ke kai bandar kifi kasuwa, shi ya buɗe fage. Ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Bunu, ya dubi jama'a.

"Wai 'yan Jafan nan da Saje ya kashe, nawa ne?"

Wani ya ce, "Huɗu."

Inuwa ya ce, "Ni biyu na ji. Ɗayan ma tsoho ne, ganin Saje ya yi ya tuna ajalinsa ya cika, ya mutu don kansa."

"Ɗayan fa?"

"Barci yake. Har yanzu ba a tabbatar ya mutu ba."

Jijiyar wuyan Bunu ta miƙe. Ya tauna goro har ya haɗa da harshe. Muna shiga soro ya damƙi rigata.

"Arba'in ne."

"Ka faɗa musu."

"Bari in warke tukun."

Haka aka yi ta yi. A kawo goro, a tsaya a bayansa a ce wa bai samu ba, a rabe tas yana kallon kogi. Aka sanar da walimar suna a gabansa, aka ce kar a wahalar da Saje tunda bai ji ba. Ya dai je, ya nuna hancinsa, wai ƙamshi ya biyo.

A gida ma bai tsira ba. Rana ta huɗu ina jiyo su ta katanga, yana kishingiɗe a tsakar gida, Yakaka tana suya tana hira da maƙwabciyarta Asabe.

"Tunda ba ya ji, bari in faɗa miki. Mutumin da ya kashe arba'in, in kwaɗo ya shigo ɗaki ni yake tasa in fitar."

Asabe ta ce, "Kai haba."

"Wallahi. Wuƙar nan kuwa na taɓa ara in fere rogo, da farce na ƙarasa."

Suka yi dariya har Asabe ta ƙware. Can sai muryar Yakaka ta sauka.

"Shekaranjiya na sayar da tasata ta ƙarshe, wadda Iya ta bar mini. Ban faɗa masa ba. In gonar nan ta tafi, Asabe, ban san abin da zan sayar kuma ba."

Washegari Bunu ya yini a gindin tsamiya, Inuwa ya rage 'yan Jafan zuwa rabin mutum, ko gezau bai yi ba. Ranar ce kaɗai na ga ya yi shiru ba don kurumta ba. Na ɗauka zai haƙura ya kai gwiwa. Da muka koma gida sai ya ce mini lalle tamanin ma ta yi kaɗan, ko za a iya haɗawa da ciwon kai.

Rana ta shida aka yi ta jaki. Hanyar kasuwa ta bakin fadama siririya ce, hagu laka, dama laka. Bunu yana gaba, bulama da mutanensa suna tafe daga ɗaya gefen, Inuwa kuma ya taho ta baya da jakinsa, mangala cike da banda.

"Gafara, Saje. Gafara dai."

Bunu ya ji tun daga nesa, na ga kunnensa ya motsa. Amma ga bulama yana kallo, kuma shaidar bulama yake nema. Sai ya ci gaba da tafiyarsa a tsakiyar hanya, hannu a baya.

"Saje, jakin nan ba ya tsayawa."

Jakin bai tsaya ba. Mangala ta kwashi Bunu ta zuba a laka, banda ta bi shi. Da aka jawo shi, da kifi ɗaya a cikin hularsa, gwiwar kuma ta fara hawa tun a wurin. Bulama ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Wannan in ba kurma ba ne, to abin da ke damunsa ya fi kurumta."

Bunu ya raɗa mini a hanya, "Ka ji ko? Shaida ta samu."

Ana gobe likita zai zauna, na same shi a bayan gida yana ƙus-ƙus da Ɗan'auta makaɗin 'yan tauri.

Na ce, "Kurma da makaɗi?"

"Kiɗan na jama'a ne. Mai tamanin ba ya komawa gida shiru kamar wanda ya je ta'aziyya." Ya juya wurin Ɗan'auta. "Ka laɓe a bayan katangar asibiti, kar kowa ya gan ka. Kana leƙe. Da ka ga na miƙe tsaye, an gama ke nan, ka saki takena."

Ranar ta faɗo a ranar kasuwa. A barandar asibiti aka ajiye tebur, likita ya zauna, wani dogon tsohon Bature mai karkata kai gefe guda in ana magana. Malam Abdulwahid yana gefensa da takardu, shi ne tafinta. Mu goma sha ɗaya ne a kan benci. 'Yan kallo kuwa sun fi ɗari biyu, kuma ba hannuna suka zo gani ba.

Nawa bai ɗauki lokaci ba. Likita ya duba dungun, ya duba takarda, ya tambayi abin da ya same ni, na faɗa. Kashi sittin, fam ɗaya da sule huɗu a wata, a karɓa a baitulmali. Na dangwala da babban yatsan da ya rage mini.

Malam Abdulwahid ya ɗaga murya. "Farabiti Bunu Gana."

Shiru.

Inuwa ya ce daga cikin taro, "Saje ne."

"A nan farabiti aka rubuta. Farabiti Bunu Gana."

Ko ƙifta ido Bunu bai yi ba. Sai da na ja shi na zaunar a kujerar gaban tebur. Likita ya zaga bayansa ya tafa hannu. Ya saki farantin ƙarfe a kan siminti, har wata mata ta zubar da nono. Ya sa Malam Abdulwahid ya ce a hankali, "Ga maciji a ƙarƙashin kujera." Bunu yana zaune yana kallon wata bishiya. Dole in faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Kwana takwas a hannun Inuwa sun gasa shi. Na ga likita ya koma ya ɗauki alƙalami, gabana ya faɗi, na ce kar dai ƙaryar nan ta ci.

Sai likita ya ajiye alƙalamin. Yana so ya leƙa cikin kunnen a wurin haske. Ya yi wa Bunu alama da hannu ya tashi.

Bunu ya miƙe tsaye.

Daga bayan katanga ganga ta amsa. Wanda bai san 'yan tauri ba ba zai gane ba. In aka saki taken mutum, jikinsa ke amsawa kafin ya yi shawara da kansa, kuma Bunu ya shekara biyu yana koya wa jikinsa wannan. Kafaɗarsa ta dama ce ta fara rawa. Ya danne ta da hannu, ta hagu ta ɗauka. Ya rufe ido, gumi ya keto. Ɗan'auta ya ƙara wuta. Sai tsuma ta kwashe shi, ya zare wuƙar kabewa, ya kurma ihu.

"Sai ni Bunu na Yakaka! Ƙarfe ya gan ni ya koma maƙera! Arba'in, Inuwa, arba'in!"

Ya daka tsalle daga baranda, matakala uku, ya dira a kan ƙafar dama. Gwiwar ta ce ba da ita ba. Ya zube a gaban jama'a, wuƙa ta yi gefe, hula ta yi gefe.

Ganga ta tsaya. Ɗan'auta ya leƙo ta saman katanga ya ce, "An ba da tamanin ɗin?"

Likita bai ce komai ba. Ya sa aka ɗauko Bunu aka ɗora a benci, ya naɗe ƙafar wandon, ya daɗe yana latsa gwiwar, Bunu yana cizon hannun riga. Sannan ya buɗe takardun soja yana bi da yatsa, ya yi magana.

Malam Abdulwahid ya ce, "Likita ya ce kunnenka ya fi nasa. Ya ce in don ta kunne ne, da dogari zai haɗa ka. Amma gwiwa gaskiya ce, tana cikin takarda, kuma a bakin aiki aka same ta. Kashi talatin, sule goma sha biyu a wata, muddin ranka. Saura ka faɗi abin da ya same ka, ka dangwala."

Wurin ya yi tsit. Bunu ya ce, "A rubuta faɗuwa."

"Sai abin da ya dace da takarda."

"A rubuta dabba."

"Wace?"

"Malam, mu shiga daga ciki mana."

"Shaidu a waje suke. In ba ka faɗa ba, likita zai kira na gaba, kuma ba zai dawo ba sai baɗi."

Baɗi kuwa gona tana hannun wani. Bunu ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya dubi taro. Can baya ga Yakaka a tsaye cikin mayafi, ita da ba ta taɓa zuwa irin wurin nan ba. Ba ta yi masa alama ba, ba ta ce komai ba, kallonsa kawai take. Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla.

Ya sunkuyar da kai ya ce, can ƙasan maƙoshi, "Alfadari ne."

Likita ya karkato kai, ya kafa tafin hannu a bayan kunne.

Malam Abdulwahid ya ce, "Ka ɗaga murya. Likita kunne ɗaya gare shi. Igwa ta ɗauke ɗayan tun yaƙin Jamus na farko."

"Alfadari ne."

Likita ya ƙara matsowa, ya girgiza kai.

Bunu ya ja numfashi, ya saki muryar fareti, wadda har masu awon gero a kasuwa suka ce sun ji.

"Alfadari ne ya haure ni!"

Likita ya gyaɗa kai ya rubuta. Inuwa ya yi gyaran murya, cikin ladabi ya ce, "Saje, don Allah tambaya ɗaya. Alfadarin nan, da takalmin ƙarfe a ƙafarsa?"

Bunu ya ce, "Da shi."

Ba wanda ya yi dariya sai da likita ya shiga ciki wanke hannu. Mutanen Haɗeja suna da tarbiyya. Bayan nan kam har da masu zama a ƙasa.

Ya dangwala, aka ba shi takardarsa. Ya rataya a kafaɗata mai hannu muka kama hanya, yana ɗingishi a bainar jama'a, rabin kasuwa na biye da mu. Tun daga asibiti har unguwa bai buɗe baki ba. Na ce a raina shi ke nan, an gama da Bunu, kuma wallahi ban ji daɗi ba.

Muna isa ƙofar soro ya tsaya.

"Ari, ɗari a cire talatin, saura nawa?"

"Saba'in."

Sai na ji nauyinsa ya ragu a kafaɗata. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya ɗaga takardar sama.

"To kun dai gani da idonku. Likitan Ingila ya duba ni tun daga kunne har gwiwa, ya sa hannu cewa kashi saba'in ɗina garau yake. A cikinku wa ke da takardar ko kashi ɗaya? Inuwa, ina taka?"

Inuwa ya buɗe baki ya rufe. Ba shi da ita.

Yakaka ta ratso ta gefe, ta zare takardar daga hannunsa, ta ninke ta sau huɗu ta ƙulle a bakin zane.

"Maigida, talatin ɗin nan ita za ta noma mana fadama. Saba'in ɗin ta shigo ta ci tuwo, aikinta ke nan tun da kuka dawo."